Bidiyona ba ya samun masu kallo, in biya a ɗaga min tashar?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a nan Gombe, unguwar Tumfure. Ina haɗa bidiyo irin na gwaji, ba labari ba jarumi ba magana, na ƙarshen nan inuwar masu wucewa ce kawai a bakin Babbar Kasuwa da ƙarar injin markaɗe, minti 6. Na ɗora a YouTube yau wata biyu, masu kallo ko 100 ba su kai ba, gwiwata ta fara sanyi wallahi. Wani ya ce in ba shi kuɗi da fasawod ɗina zai ɗaga min tashar cikin sati. In ba shi, ko dai aikin ne bai yi ba?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena. Kar ka ba shi, ko sisi, balle fasawod. Aikin kuma ban gani ba tukuna, amma ƙarancin kallo ba shi ke nuna bai yi ba, bidiyon da ba magana ba barkwanci dama ba ya tashi kamar na masu rawa a TikTok.

Wannan maganar ta masu bustin, wato masu cewa a biya su su ɗaga tasha, na gaji da ita, kullum sai an turo min irinta. Abin da suke sayar maka kallon bogi ne, na'ura ce ko wasu wayoyi da aka jera suna danna bidiyo su fita bayan 'yan daƙiƙu. To YouTube ba danna kawai yake ƙirgawa ba, yana duba minti nawa mutum ya zauna, sai ya ga dubu sun shiga bidiyon minti 6 sun fice nan take, ya ɗauka abin ba ya riƙe mutane, ya rage nuna shi har ga 'yan tsirarun da da za su so shi. Ka biya kuɗi an binne maka aiki ke nan. Kuma 'yan YouTube suna share kallon bogin in sun gano, sayen kallo da mabiya ya saɓa wa dokarsu, kuma tashar da ta tara laifi 3 cikin kwana 90 rufe ta ake yi. Masu cewa ai ta haka za ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo YouTube ya fara biyan ka, ba sa faɗa maka cewa sai an binciki tashar kafin a amince. Haba! Sannan fasawod ɗin nan fa ba na YouTube kaɗai ba ne, na Gmail ɗinka ne, da hotunanka da lambobin mutanenka da duk abin da ka ajiye a Drive. Ya canza shi ya canza lambar waya, gobe ka ga tasharka tana tallan damfarar kirifto. In da gaske taimako ne, akwai inda ake ƙara mutum a matsayin edita a cikin saitin tasha ba tare da fasawod ba. Ka ce masa haka ka ga yadda zai fara kame-kame.

Masu kallon irin aikinka ba a nan suke taruwa ba. Ka buɗe Vimeo, wani dandalin ɗora bidiyo ne kamar YouTube, tun 2004 'yan fim da masu zane suke can, kuma Staff Picks ɗinsu, wato zaɓaɓɓun bidiyon da suke haskawa, mutane ne ke zaɓa da ido. Ka yi rajista a FilmFreeway, shafin da ake tura fim zuwa bukukuwan finafinai, ka nemi bukukuwan da ke da sashen finafinan gwaji. Na Oberhausen a Jamus tun 1954 yake nuna gajerun finafinai, kuma alƙalan irin wuraren nan aikin suke kallo, ba ruwansu da yawan mabiyanka. Sai dai ka karanta sharaɗi, wasu ba sa karɓar abin da ya riga ya fita fili a intanet, in kana da niyya ka ɓoye bidiyon ya zama sai mai linki. Ga Jos nan kusa, ɗaliban makarantar fim ta ƙasa suna can, ka nemi guruf ɗinsu ku riƙa musayar aiki, mutum biyar da za su ce maka sautin ya yi yawa a minti na uku sun fi maka amfani.

In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi, kuma wuraren duhu su ne suke fara lalacewa, kai kuwa duk aikin naka inuwa ne. Asalin fayil ɗin ka ajiye shi wuri biyu, ka kunna tantancewa mai mataki biyu a Gmail ɗin yau ɗin nan, sannan ka turo min linkin in kalla.