Amsa: sabon zango ya zo da damina, tauraro kuma yana yankewa

Kin ce kina Rayfield a Jos, shirye-shiryen da kike jira a Arewa24 za su dawo da sabon zango a dogon hutu, amma hadari na haɗuwa hoton tauraron ɗan'adam ya daskare. 'Yar'uwa, kada ki sayi sabuwar dikoda, wadda kike da ita lafiyarta ƙalau. Ki kira mai gyara ya sake saita farantin da ke kama siginar, ya ɗaure kusoshinsa tamau, ya naɗe bakin wayar da tef saboda ruwa. In ƙaramin faranti ne, a canza miki mai faɗin santimita 90.

Ruwan sama mai ƙarfi ne ke raunana siginar kafin ta iso, kin kuwa san yadda Yuli da Agusta suke a Jos. Farantin da iska ta ɗan karkatar shi ke fara ɗaukewa tun ana yayyafi. Ni a Tudun Wada, tsatsa ce ta cinye bakin wayata. Sai dai in an tsuge kamar da bakin ƙwarya, babban farantin ma sai ya yanke. Ranar nan ki haƙura, ko ki duba YouTube da safe, in masu shirin suna ɗorawa.