Kafin a ɗaga Hilux, me ya kamata a fara taɓawa?

Wani mai karatu daga Goronyo ya rubuto cewa yana da Hilux ƙirar 2012 da yake kwaso albasa da ita daga fadama. Yana so ya ɗaga ta inci 4, ya sa mata manyan tayoyi. Bakanikensa ya ce sai an fara canza haƙoran aksul. Shin haka ne?

Alhaji, bakaniken naka bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauko zancen ta wutsiya. Ɗaga mota ba shi ke sa a canza haƙoran aksul ba, girman taya ne. Don haka fara yanke shawarar tayar da za ka sa, sauran lissafin duk a kanta zai hau.

A ce tayarka 265/65R17 ce, tsayinta wajen inci 30 da rabi ke nan. In ka koma mai inci 33, ka ƙara kusan kashi 8 cikin ɗari. Agogon gudu zai nuna 100 alhali kana 108, motar za ta yi nauyin tashi, kuloci ya sha wahala, musamman ga buhunan albasa a baya ga yashi a ƙasa. A nan ne maganar haƙora ke shigowa. Sai dai ka sani, na gaba da na baya tare ake canza su, lamba ɗaya. In suka saɓa, ranar da ka sa ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja tare, a busasshiyar ƙasa, gaba da baya za su shiga ja-in-ja har wani abu ya karye.

Inci 4 ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Gaban Hilux ɗinka ba sandar aksul ɗaya ba ce irin ta Land Cruiser 79. Kowace ƙafa da shaf ɗinta. Kana ɗagawa shaf yana ƙara karkata. Robar bakinsa ce ke fara tsagewa, ka ga giris ya fantsama a cikin rim, ƙurar hunturu ta shige, bayan 'yan makonni kana karya kwana ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Tsaya a inci 2. Kuma ɗagawar ba ta nisanta tulun aksul na baya daga ƙasa, taya kaɗai ke yin wannan, ita ma inci ɗaya da ɗoriya za ta ba ka, bayan an ɗan datse wurin da take gogawa.

Ni da kuɗin a hannuna suke, kuros ɗin farfela zan fara dubawa. Shiga ƙarƙashin motar, kama farfelar ka murɗa. In tana wasa, canza shi tun kafin ɗagawa ta tona masa asiri. Sannan a ja bututun shaƙar iskar aksul sama, don aksul mai zafi in ya faɗa ruwan fadama yana iya zuƙo ruwa, mai ya koma fari kamar kunu.

Wani kuma daga Illela yana tambaya ko ya sayi makullin aksul, wato na'urar da ke tilasta tayoyin aksul biyu su juya tare, saboda yawan kafewa a rairayi.

Malam, kafin ka kashe wannan kuɗin, sayi gejin iska da ƙaramin famfo. Rage iskar tayoyin zuwa wajen PSI 18 a gejin in za ka shiga yashi, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta. In ka yi wata guda a haka kana kafewa har yanzu, sake rubuto mini mu yi maganar makullin.