Me ya kori mutanen Biyetnam cikin teku?

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa suka gudu alhali yaƙi ya ƙare. Ai bayan Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ta faɗi hannun 'yan gurguzu ranar 30 ga Afrilu 1975 ne wahalar ta fara, aka kwashe tsofaffin sojoji da ma'aikatan gwamnatin kudu zuwa sansanonin gyaran hali, aka ƙwace kasuwancin mutane musamman 'yan asalin Sin wajen 1978, sai jama'a suka dinga biyan zinare suna cunkusa cikin jiragen kamun kifi. Wallahi abin tausayi, ga ƙishirwa ga 'yan fashin teku a mashigin Tailan suna yi wa mata fyaɗe. Kusan mutum 800,000 suka tsira, wasu suka yi shekaru a tsibirin Bidong na Malesiya kafin Amurka ko Ostareliya ta karɓe su.