Ƙanwata na aure a Ingila, miji ya riƙe kuɗi: idan ta fita, wa zai biya mata wurin kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata tana aure a Manchester, 'ya'yansu biyu. Shekara uku ke nan mijin yana dukanta, kuma duk tallafin da gwamnati ke ba su asusunsa yake shiga, ko kuɗin madarar yaro sai ta roƙa. Tana so ta fita, amma an gaya mata an canza tsarin tallafi, har gidajen da ake ɓoye mata an rufe su saboda rashin kuɗi. Gaskiya ne? Idan ta fita da yara, ina za ta kwana, wa zai biya?

Wata yaya daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mata mafita, ke kuma ya saka miki da kika tsaya mata. Abin da aka gaya mata akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba haka zancen ya ƙare ba. Gidajen mafaka suna nan suna aiki, kuma ba daga aljihunta za a biya hayar ba matuƙar tana da haƙƙin karɓar tallafi.

Bari in fara da kuɗin da ke shiga asusun miji, don a nan yawancin matan da ke zuwa wurina suke maƙalewa. Dokar gyaran tallafi ta 2012 ce ta kawo Universal Credit, aka fara aiki da shi a 2013. Ya haɗe tallafi iri shida wuri guda: na haya, na yara, na rashin aiki da sauransu. Ana biya sau ɗaya a wata, cikin asusu ɗaya, na gida gaba ɗaya. A da, kason yara yakan tafi hannun uwa kai tsaye, ko ba komai tana da abin da za ta ɗan ɓoye. Yanzu idan miji ne ya ba da lambar asusunsa, komai ya koma hannunsa. A ganina wannan ne babban aibin tsarin. Doka ta yarda mace ta nemi a raba kuɗin gida biyu, amma ranar da miji ya duba waya ya ga kuɗi sun ragu, ya san daga inda abin ya fito. Ban cika ba macen da ke kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta shawarar ta nemi rabon ba, sai dai idan ita ta tabbatar ba zai jawo mata wani dukan ba.

Idan ta fita, za ta nemi tallafi da sunanta ita kaɗai, kuma kuɗin farko sai bayan mako biyar. Mako biyar ba wasa ba ne ga macen da ta fito da leda ɗaya. Na taɓa karɓar wata da ta iso da rigunan makarantar yara da jan littafin asibitin jaririnta, babu katin banki, babu ko fam ɗaya, tambayarta ta farko ita ce ko akwai wanda zai ranta mata kuɗin kunzugun jariri. Akwai rancen da gwamnati ke bayarwa tun kafin mako biyar ɗin su cika, ana cirewa kaɗan-kaɗan daga baya. Ta nema a ranar farko, kada kunya ta hana ta. Ta kuma gaya wa jami'in Jobcentre, wato ofishin tallafi da neman aiki na gwamnati, abin da ya fito da ita, domin za a ɗage mata dolen neman aiki na mako 13, mai kula da yara kuma ana iya ƙara mata zuwa 26. Child Benefit, wato kuɗin da gwamnati ke ba mai riƙon yara, daban yake da Universal Credit, ta nemi a mayar da shi sunanta tunda yaran suna hannunta.

Sai batun gidajen mafaka. Tun 1971 da aka buɗe na farko a unguwar Chiswick ta Landan, ƙungiyoyin agaji ne ke tafiyar da yawancinsu, kuma kusan rabin kuɗin shigarsu daga Housing Benefit yake zuwa, wato tallafin haya da ƙaramar hukuma ke biya a madadin mai zama. Hayar ɗaki a irin wannan gida ta fi ta gidan haya tsada, saboda akwai tsaro, akwai kayan ɗaki, akwai gyara kullum. A 2015 ministan kuɗi George Osborne ya sanar za a ƙayyade tallafin daidai da hayar gidajen unguwa. A 2017 gwamnatin Theresa May ta janye wannan, ta kawo wani: a cire gidajen zaman wucin gadi, har da na mafaka, daga tsarin tallafi, a miƙa wa ƙananan hukumomi kuɗin su raba. Ƙungiyar Women's Aid mai kare matan da ake cin zarafinsu ta yi ta kashedin cewa gidaje da yawa za su rufe, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Mace ba ta ɓuya a unguwar da mijinta ya sani, gari take canzawa, ƙaramar hukuma kuwa ba ta son kashe kuɗinta kan baƙuwar da ta zo daga wani gari. A watan Agusta 2018 gwamnati ta haƙura. Har yau Housing Benefit ne ke biyan hayar mafaka, kuma ba a lissafa shi cikin iyakar jimillar tallafin da gida ɗaya zai iya karɓa. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta ƙara ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila nauyin tallafa wa mazauna irin waɗannan gidaje, ta sa wadda ta rasa muhalli saboda cin zarafi cikin waɗanda ake fara dubawa, ta kuma ambaci danne wa mutum kuɗi a matsayin cin zarafi.

Ba zan ɓoye miki ba, gadaje ba sa isa. Za a iya ce mata babu wuri a Manchester yau, akwai a wani gari mai nisa. Ta karɓa. Akwai shirin Rail to Refuge da ke ba da tikitin jirgin ƙasa kyauta ga mace da 'ya'yanta idan an samar mata wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ki ambata ba: wace biza ke hannunta? Idan 'yar ƙasa ce ko tana da takardar zama na dindindin, duk abin da na faɗa ya shafe ta. Idan kuwa da bizar aure ta shiga, akwai sharaɗin hana ta taɓa kuɗin gwamnati, kuma gidajen mafaka da yawa ba sa iya karɓar mai wannan sharaɗi don babu mai biyan hayar. Da wannan maza da yawa ke tsorata matansu, su ce “kina fita za a mayar da ke Najeriya”. Tun 2012 akwai sassauci: matar ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin tana iya neman izinin wata uku da damar karɓar tallafi, a cikin lokacin ta nemi zaman dindindin da sunanta. A Fabrairu 2024 aka faɗaɗa wata ukun ga matan masu bizar aiki ko karatu, amma su ba a ba su hanyar zaman dindindin ta nan ba, sai sun ga lauyan shige da fice da wuri. Ƙungiyar Southall Black Sisters mai taimaka wa mata baƙin haure da ake cin zarafinsu ta daɗe a kan wannan fage. Kuma kowace irin biza take da ita, dokar yara ta 1989 ta ɗora wa ƙaramar hukuma kula da yaran da ke cikin buƙata.

Na san a gida za a ce ta kwaso yara ta dawo Kano. Ku dakata da wannan. Fitar da yara daga Birtaniya ba da yardar uba ko izinin kotu ba yana iya zama laifi, ya juya shari'a a kanta.

Abin da za ki gaya mata, ta wayar da kika tabbata ba ya dubawa: ta buɗe asusun banki nata, kada wasiƙunsa su zo gida. Ta ɗauki hoton fasfo, takardun biza da na haihuwar yara ta turo miki, sannan ta goge. Ta gaya wa likitanta ko ma'aikaciyar lafiyar da ke duba yara, domin rubutunsu hujja ne a gaba. Ta kira 0808 2000 247, layin da ƙungiyar Refuge ke kula da shi dare da rana, kyauta ne kuma ana iya neman tafinta. Idan ya taso mata, ta kira lambar gaggawa 999, in ba ta iya magana ta danna 55 a wayar hannu idan an buƙaci haka. Kada ta sanar da shi ranar tafiya, kada kowa a dangi ya kira shi don sulhu a wannan tsakanin, domin lokacin rabuwa ne haɗari ya fi tsanani.