Ku Tambaya: Kowace gaskiya ce ake faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ce a Garwa. Ɗana da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya ce mini wai a koyarwar Buddha ba kowace gaskiya ake faɗa ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin mata na zubar da maganganu a shagona, ban san wadda zan isar da wadda zan haɗiye ba. Me ya koyar?
Daga wata mai karatu, Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki ya faɗi daidai, amma kada a ɗauka an buɗe ƙofar ƙarya. Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsara hanya mai rassa 8, reshe na uku shi ne gyaran harshe. Abubuwa huɗu ya ce a bari: ƙarya, annamimanci, kaushin baki da surutun banza.

Matsalarki tana kan na biyu. Ma'anarsa a wajensa ita ce ka ji magana a nan, ka kai ta can don a raba mutane. Ba sharaɗi ba ne ta zama ƙarya. In wata ta kushe girkin kishiyarta kina auna ta, gobe kika kai wa kishiyar, ko harafi ɗaya ba ki ƙara ba, annamimanci ne. Abin da ya yaba shi ne maganar da ke sasanta waɗanda suka ɓata.

Wani ɗan sarki mai suna Abhaya ya tambaye shi ko zai faɗi abin da mai ji ba ya so. Akwai jariri a cinyar ɗan sarkin, sai Buddha ya tambaye shi yadda zai yi in yaron ya sa tsakuwa a baki. Ya ce zai ciro ta ko da jini zai fita, saboda tausayi. A kan wannan Buddha ya ɗora ma'auninsa. Ƙarya ba a faɗarta. Gaskiyar da ba ta da amfani ba a faɗarta, ko da za ta yi daɗin ji. Gaskiya mai amfani kuwa ana faɗarta, ta yi daɗi ko ta yi ɗaci, sai dai a nemi lokacinta. A ganinmu nan ne ƙarfin koyarwar yake, domin daɗin ji ba shi ke yanke hukunci ba.

Ga yadda zai kasance a shago. An kawo turmin atamfa mai yadi 6, kika yi kuskuren yanka. Gaskiya ce, kuma mai kayan na da haƙƙin sani, don haka a kira ta a ranar, ba sai ta zo karɓa jajiberin Sallah ba. Yarinyar da ke koyon aiki ta karkata ɗinki, a nuna mata bayan masu kaya sun watse, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a kare kansa yake yi, ba ya jin gyara. In kuma aka tsare ki da "me ta ce a kaina?", ba sai kin ƙirƙiro amsa ba. "Ba na shiga tsakaninku" ta wadatar.

Wuri biyu ake zamewa. Wasu sukan fake da "lokaci bai yi ba" har maganar ta mutu a ciki, alhali tsoro ne. Wasu kuma su yanki mutum da baki su ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Shi ya sa bayan lokaci, gaskiya da amfani, Buddha ya ƙara sharuɗɗa biyu: taushin lafazi da kyakkyawar niyya.

Buddha ya kuma koya wa ɗansa Rahula duba magana sau uku, kamar mai kallon madubi: kafin a faɗa, ana cikin faɗa, da bayan an faɗa, ana tambayar kai ko za ta cuci mai faɗar ko wani. In an gano ta cutar ana tsakiyarta, a tsaya nan take. In ta riga ta fita, a bayyana kuskuren ga wani mai hankali, a kiyaye gaba. Saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wannan, tunda za ki iya dakatar da shi, ki saurara, ki goge kafin ya shiga zauren matan unguwa.