Tambayi Lauya: Ana Iya Ɗaure Mutum A Bayan Idonsa?

Tambaya: Barista, ƙanena ne ake tuhuma da zamba, ni na tsaya masa aka ba da belinsa. Zama biyu ke nan bai je kotu ba. Shin alƙali zai iya ɗaure shi alhali ba ya nan? Ni kuma mene ne makomata?

Amsa: Malam, akwai samun mutum da laifi, akwai kuma yanke masa hukunci, kuma doka ta raba su. Sashe na 352 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce idan wanda ke kan beli ya ƙi zuwa ba tare da uzuri mai ƙarfi ba, bayan an ɗage zama sau biyu kotu za ta ci gaba da shari'a a bayan idonsa, har ta same shi da laifi. Amma ɗauri ko tara sai an kamo shi ko ya miƙa kansa. Wannan doka ta kotunan tarayya da Abuja ce. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da tasu, don haka lauya ya duba ta jiharku.

Kafin nan alƙali zai soke belin, ya ba da umarnin kamo shi. Babbar asarar ita ce shaidun masu gabatar da ƙara za su yi ta magana, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. Ranar da aka kamo shi kuma, da wane baki zai roƙi sassauci?

Kai ma abin ya shafe ka. Kotu za ta kira ka ka kawo shi, ko ka faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da ka sa hannu a kai. A 2020 Babbar Kotun Tarayya ta tura Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje saboda Abdulrasheed Maina, wanda ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya tsere. Daga baya aka kamo Maina a Nijar.

Idan rashin lafiya ce ta hana shi, lauya ya kai takardar asibiti kafin ranar zama, saƙon baki ba ya wadatarwa. Idan tsoro ne, ka lallashe shi ya tafi da lauyansa ya miƙa kansa tun ba a zo da ankwa ba.