Bashi ya hana ni barci, za su iya ɗaure ni? Amsar lauya

"Barista barka da aiki, dan Allah ka ɓoye sunana. Bashi ne ya yi min katutu, akwai na banki da na zuba a kasuwanci ya rushe, da na manhajojin waya guda biyu, sai na wani abokina, in aka haɗa ya kai albashina na shekara biyu. Kullum cikin kira nake, abokin nawa yace zai turo min 'yan sanda, masu manhaja sunce zasu tura hotona ga duk lambobin da ke wayata. Yayana ne ya tsaya min a banki, matata kuma bata sani ba. Bana barci, wani lokaci har ji nake gara mutuwa. Zasu iya ɗaure ni?"

Ɗan'uwa sannu, Allah ya yaye maka. Bari in fara da abin da yafi hana ka barci. Kasa biyan bashi ba laifi bane a doka, rigima ce tsakanin mutum biyu kan alƙawari, kuma kotu ce wajenta ba caji ofis ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966, sashe na 11, ta faɗa ƙarara cewa ba'a ɗaure mutum dan kawai ya kasa cika alƙawarin kwangila, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun sa hannu. Ingila tun 1869 ta soke mafi yawan ɗaurin bashi. In a Najeriya kake, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sashe na 32 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wani, wato ba mai ikon ɗauke matarka ko ƙaninka wai sai ka fito. Na san ana yi, ai duk mun sani, amma yin sa bai mayar da shi daidai ba, kuma in an gayyace ka caji ofis kaje da lauya ko wani babba, kar ka sa hannu a wata takardar alƙawarin biya cikin kwana bakwai dan kawai a sake ka.

Toh amma fa akwai inda bashi ke rikiɗewa ya zama laifi, kuma abin haushin shine yawanci tsoro ne ke kai mutane can. Mai bin ka ya matsa maka, kai kuma dan ka samu ya ƙyale ka sai ka rubuta masa cek alhali ka san babu komai a asusun, shikenan ka ba shi makamin da a da ba shi da shi, domin a Najeriya dokar cek ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Haka in ka sayar da abin da ka bada jingina a ɓoye, ko ka ƙirƙiri takardar albashi ta bogi ka karɓo sabon bashi, wannan zamba ce. Sannan in kotu ta riga ta yanke hukunci, ta gano kana da halin biya ka ƙi da gangan, tana iya tura ka gidan yari, amma kaga wannan hukuncin taurin kai ne, ba na babu ba. Mutanen da nake gani sun shiga uku ba girman bashin ne ya jefa su ba, abin da suka yi cikin firgici ne.

Yanzu ka samu takarda da biro, ba a ka ba, a takarda. Ka rubuta kowane bashi, nawa ka karɓa, nawa ka biya, kuɗin ruwa nawa ake ɗorawa a wata, me ka bada jingina, wa ya tsaya maka. Ka nemi banki su baka cikakken bayanin asusun bashin a rubuce, haƙƙinka ne, kuma ka zauna ka bi shi layi layi saboda sau da yawa zaka tarar da tara kan tara da wasu caji da basa cikin takardar da ka sa wa hannu. Idan ka gama zaka ga wanda yafi kowa ihu ba shine yafi haɗari ba. Masu manhaja baki ne da su, banki shine mai haƙori, dan shi ke riƙe da jingina da sa hannun yayanka.

Maganar yayan naka ita ce nafi so ka ɗauka da gaske. Wanda ya tsaya wa mutum, a mafi yawan takardun banki, ana iya bin sa kai tsaye da zarar ka kasa, ba sai an gama da kai ba. Kar ka bari ya ji daga bakin banki, wallahi wannan yafi bashin kansa ɓata zumunci. Ita kuwa matarka, tunda bata sa hannu a komai ba, bashin baya kanta kuma dukiyarta tata ce, amma ka faɗa mata, rabin rashin barcin nan ɓoyon ne. Bahaushe yace bashi hanji ne yana cikin kowa, ba kai ka fara ba.

Sai kaje banki da ƙafarka kafin su zo maka. Ka rubuta wasiƙa, ka faɗi abin da ya faru da kasuwancin, ka faɗi abin da ke shigo maka a wata da abin da zaka iya cirewa bayan ci da haya da makarantar yara, ka nemi a tsawaita lokaci a rage abin da kake biya duk wata, a yafe tarar jinkiri, ko a tsayar da kuɗin ruwa na wani lokaci. Bankuna na yarda fiye da yadda mutane ke zato, ba dan tausayi ba, dan shari'a da gwanjo suna cin kuɗi da shekaru. Amma dan Allah kar ka yi alƙawarin abin da yafi ƙarfinka dan ka burge manaja, gara kaɗan da zaka iya duk wata da mai yawa da zaka karya a wata na biyu. Duk abin da aka amince a rubuta a sa hannu, maganar baki ta ma'aikaci bata ɗaure banki, kuma in rangwame aka yi maka a rubuta cewa wannan biyan ya rufe bashin gaba ɗaya. In kuma ta kai ga sayar da jingina, sau da yawa gara ka nemi izininsu ka samo mai saye da kanka, ya fi gwanjo daraja, kuma duk rarar da ta saura bayan an cire bashi taka ce. Kar kuma ka yi tunanin ɓoye kuɗi a wani bankin, a Najeriya tun Agustan 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI da ke ba banki damar cire bashinsa daga sauran asusunka ta hanyar lambar shaidarka ta banki, wato BVN.

Su masu manhaja, bashinsu bashi ne ka biya shi, amma tozarci ba ya cikin haƙƙinsu. A Amurka dokar 1977 ta hana kamfanonin karɓar bashi kiran mutum kafin 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta kuma hana su fallasa bashin ga wasu. A Najeriya akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ke karɓar irin wannan ƙorafi, Google ma tun 2023 ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan mutane. Ka ɗauki hoton kowane saƙon barazana da ranarsa da lambar da ta turo, kar ka goge ko ɗaya, kar ka zage su. Kuma ka daina cin bashin wata manhaja dan biyan wata, daga yau.

In sammaci ya zo kar ka gudu. Wanda bai je ba ana yanke hukunci a bayan idonsa kan duk lissafin da mai ƙara ya kawo, daga nan sai riƙe asusu da kwashe kaya. Wanda yaje kuwa yana iya musanta lissafin, yana iya roƙon alƙali ya bar shi ya biya kaɗan kaɗan. Akwai kuma hanyar ayyana karayar arziki, a Ingila yawanci bayan wata 12 mutum ke fita, amma tana tafiya da kadarori da suna, ni bana kai mutum can sai komai ya ƙare.

Abokinka shi nake ganin yafi sauƙi, ihunsa na wanda aka daina ɗaukar wayarsa ne. Ka same shi da shaidu biyu ku rubuta tsarin biya. In Musulmi ne ku, ayar 280 ta Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da Suratu Tauba aya ta 60 ta ba haƙƙin zakka, ba abin kunya bane ka nema.

Kalmar nan da ka rubuta ta "gara mutuwa" ban wuce ta ba. Mutuwa bata goge bashi, daga abin da mutum ya bari ake fara cirewa kafin magada, banki kuma ya koma kan yayanka, ga rashinka a kai. Ka faɗa wa wani wannan maganar yau ɗin nan, matarka ko yayanka, kuma kaje asibiti ka gaya wa likita baka barci kuma irin wannan tunanin na zuwa maka, a auna maka jini ma. In tunanin ya yi ƙarfi cikin dare kar ka zauna kai kaɗai, ka tashi wani. Idan ka samu kanka, ka haɗa takardar bashin banki, da wadda yayanka ya sa wa hannu, da bayanin asusun, ka kai wa lauya ya karanta kafin ka aika wasiƙar, in babu kuɗin lauya ka nemi ofishin taimakon shari'a kyauta mafi kusa da kai.